Jirage Shida a Wuri Ɗaya

Ƙarfe shida da rabi na safe Kanar Arita ya aiko a kira ni ɗakin rediyo. Na bar gahawata rabin kofi a kan teburin matuƙan jirgi, yadda muke yi duk ranar tashi: ka sha rabi, in ka dawo ka ƙarasa. Kwana uku ke nan da fara yaƙi, kuma akwai kofuna biyu a teburin da babu wanda ya taɓa tun shekaranjiya.

"Manjo Ulloa, ƙanenka ne," in ji Kanar. Ya miƙo mini abin magana, idonsa na kan taswira.

Fermín ƙanena ne, ciki ɗaya, laftanar a sojan ƙasa. Shi da mutum arba'in aka bai wa tsaron gadar Río Chiquito, can bakin iyaka, inda hanya ke kurɗawa tsakanin duwatsu biyu.

"Farfesa, kana ji na?" Haka yake kirana tun da aka sa ni koyarwa a makarantar sojan sama.

"Ina jin ka. Me ake ciki?"

"Baƙi muka yi. Tun asuba suke gaishe mu da igwa daga dutsen gabas. Guda uku ne, ina ganin hayaƙinsu da idona. Sun kashe mini mutum biyar da alfadarin da ke ɗebo mana ruwa. Na rantse alfadarin ya fi ƙona mini rai, shi kaɗai ne ba ya yi mini gardama."

Wani abu ya fashe kusa da shi. Rediyo ta yi shuuu, sannan muryarsa ta dawo, babu sauran wasa a cikinta.

"Jirage biyu, Yaya. Ban ce duka ba. Biyu su zo su rufe wa igwogin nan baki, sauran aikin namu ne."

Rabon da ya ce mini Yaya tun ranar da aka binne babanmu.

"Jira," na ce, na kife abin maganar a kan tebur.

Jirage shida muke da su masu iya tashi, tsofaffi masu farfela, kowanne ya kusa zama sa'an matuƙinsa. Damina ce, kuma ƙarfe biyu na rana gajimare ke sauka ya rufe duwatsu sai washegari. Shirin da muka kwana biyu muna tsarawa shi ne shidan duka su faɗa wa filin Santa Olaya, inda maƙwabtan da muke yaƙi da su ke ajiye jiragensu tara, mu ƙone su a ƙasa kafin su gama karin kumallo.

"Tawagarka ce, Nicanor," in ji Kanar. "In ka cire biyu ka tura gada, ba zan tambaye ka ba, kuma babu wanda zai ji a bakina."

Shekara huɗu ina tsaye gaban allo ina rubuta wa ɗalibai ƙa'idojin yaƙi. Ka zaɓi abu ɗaya ka riƙe shi, kada kukan kowa ya janye ka. Ka kama sama tukuna kafin ka dubi ƙasa. Wadda kuma nake ja wa layi biyu da alli ita ce ta biyu a jerin: ka tara ƙarfinka a wuri ɗaya. Jirage shida a wuri ɗaya runduna ce. Biyu nan, huɗu can, abincin abokan gaba ne. Na kayar da ɗalibai a jarrabawa saboda sun raba jirage a kan takarda.

Kuma na san wanda ke riƙe da jiragen Santa Olaya. Gaspar Menjívar. Kafin ƙasashenmu su ɓata, tare aka tura mu karatu waje, ɗaki ɗaya, malami ɗaya, irin jirgi ɗaya. Daga littafina yake kwafar darasi, don shi barci yake yi a aji. Ni na riƙe 'yarsa ranar baftisma.

"Tarko ne, Yallaɓai," na ce. "Gaspar ne. Ya san ƙanena na gadar nan. Ya sa a matsa musu don in raba jiragena, sai ya tsince mu biyu-biyu a sama. Haka aka koya mana, a aji ɗaya."

"Ka tabbata?"

"Da ni ne shi, abin da zan yi ke nan."

Kanar ya dube ni a karo na farko. Na ɗauki abin maganar.

"Fermín, ku riƙe har sha biyu. Za mu je wani aiki, mu dawo, mu sha mai, mu zo muku da shidan duka kafin gajimare ya sauka."

Ina jin wani yana ihu a bayansa yana kiran mai magani.

"Ta nawa ce wannan, Farfesa?"

"Me?"

"Ƙa'idar. Ta nawa ce? Don in gaya wa yarana abin da muke jira."

"Ta biyu."

"To. Ta biyu. Sha biyu ka ce. Agogon Baba ne a hannuna, ka san ba ya latti."

Ban ji komai a raina ba da na fito. Na lura da haka, kamar yadda mutum ke lura da allurar mai a jirgi, na wuce.

Don Hilario, babban makanikenmu, yana tsaye a gindin jirgina yana cin wake a naɗe cikin tortiya, gurasar masara. Ya shekara talatin yana gyaran injuna, kuma ba ya ce wa kowa Yallaɓai sai Kanar.

"Ɗana, an ce ƙanenka ne a gada, yaron Doña Eulalia."

"Haka ne."

"Kuma Santa Olaya za ku?"

"Ka duba bam ɗin hagu, jiya ya ƙi saki."

Ya goge hannu a wando, ya sunkuya ƙarƙashin fiffike.

Bakwai da kwata muka tashi. Na bi da su ƙasa-ƙasa ta kan gonakin rake, sannan muka shiga kwarin kudu, doguwar hanya, don mu ɓullo wa Santa Olaya ta baya, rana a bayanmu. Wannan ma daga darasi ne: ka zo ta inda ba a zata ba. Da muka haura tudu na biyu, sai muryar Teófilo, matuƙin da ke gefen fiffikena, ta shigo kunnena.

"Oga, hayaƙi a hagu."

Na riga na gani. Baƙin hayaƙi ne siriri, tsaye a tsakanin duwatsu biyu. Tafiyar minti shida.

"Oga, ai gadar ce. Ni da Macario mu karkata, minti goma mun dawo layi."

"Rufe bakinka ka riƙe layi. Kada in sake jin kowa a rediyo."

Hayaƙin ya koma bayan fiffike, sannan ya ɓace.

Takwas saura biyar muka faɗo wa Santa Olaya daga cikin rana, shida a jere, yadda na sha zanawa a allo. Babu wanda ya harbe mu sai da muka wuce zagaye na farko. Na dubi inda jirage tara ya kamata su kasance. Tabon mai ne kawai a kan siminti, tara, a jere. Jirgi ɗaya ne a bakin rumfa, shi ma babu inji a gabansa, kaji na kiwo a ƙarƙashinsa.

"Ina suke?" in ji Teófilo. "Oga, ina suka tafi?"

"Ku saki a kan titi da tankunan mai."

Mun yi aikin da kyau. Ramuka shida a titin jirgi, tankuna biyu suna ci da wuta har ina jin zafin ta gilashi. Bam ɗin hagu ya saki ba gardama. Muka juya gida, babu wanda ya yi ihun murna, domin kowa na lissafin abu ɗaya: jirage tara ba sa ɓacewa.

Tun muna nesa da gida na ga amsar. Hayaƙi uku ne a kan filinmu.

Gaspar bai tura ko jirgi ɗaya gada ba. Ya tara ƙarfinsa a wuri ɗaya. Ya bi kwarin arewa, doguwar hanya, ya ɓullo wa filinmu ta inda ba a zata ba, lokacin da muke kan nasa. Mun yi saɓani a sama, dutse ɗaya ne tsakaninmu. Ashe ba barci yake yi a aji ba.

"Titi ya lalace," in ji muryar Kanar a rediyo. "Kada ku gwada. Ku sauka a kwalta, an tsayar da motoci."

Muka sauka ɗaya bayan ɗaya a kan babbar hanyar da ta ratsa gonar rake, mil guda daga filin. Macario ya fasa taya ya shige cikin rake, amma ya fito da ƙafafunsa. Ƙarfe tara da minti goma.

Kanar ya iso a jif, Don Hilario na baya, rabin gashin girarsa ya ƙone.

"Motar mai ta ƙone," in ji Kanar. "Rumbun bama-bamai ma. Mutum huɗu sun mutu. An ce za a turo mai daga babban birni gobe."

"Na ce wa Fermín sha biyu."

"Na ji lokacin da ka faɗa."

Na juya wajen tsohon. "Nawa ya rage a tankunan nan?"

Ya bi jiragen ɗaya-ɗaya yana zura sanda a tanki, yana duba inda ta jiƙe. Ya dawo yana tofar da yawu.

"Kowanne ɗan guntu. In an haɗa na biyar a zuba wa ɗaya, zai kai gada ya dawo, ya yi shawagin minti goma sha biyar. Bam babu. Harsashi sai abin da kuka rage."

"Jirgi ɗaya?" in ji Kanar. "Kai da bakinka, Manjo?"

"Ku fara," na ce.

Ba mu da famfo, ya ƙone tare da motar. Tiyo ɗaya muka samu da bokitai uku daga gidan mai gadin gona. Don Hilario yana zuƙa da baki har mai ya zo, ya tofar, a tara, a ɗauka a guje zuwa jirgina. Bokitan sun yi tsatsa, ya ce in datti ya shiga inji zan sauka a kan dutse, don haka ya cire hularsa ta gashi ya ɗora a bakin tanki, kowane bokiti sai ya bi ta cikinta. Man yana sauka ɗis, ɗis, ɗis.

"Ba za a yi sauri ba, Don Hilario?"

"Za a yi. In kana son Doña Eulalia ta binne biyu."

Teófilo da Macario suna zaune a kwalta suna zare harsasai daga bindigogin jirage biyar suna jerawa a ɗamara ɗaya. Matan da ke aikin rake sun tsaya nesa suna kallo. Wata ta kawo mana soyayyar agada a ganye, na ci, ban san ɗanɗanonta ba.

Sha biyu daidai Kanar ya ɗauke ni a jif zuwa ɗakin rediyo. Rufin ya tsage amma na'urar na aiki. Rediyon jirginmu ba ta kama ta sojan ƙasa, an sayo su daga wurare daban, shekara biyu muna rubuta takarda a kai. Duk abin da zan gaya wa Fermín, a nan zan gaya masa ko babu.

"Farfesa. Agogon Baba ya ce sha biyu."

"An buge filinmu. Ina zuwa, ni kaɗai. Ku riƙe zuwa biyu saura."

"Kai kaɗai? Ta biyun fa?" Ya yi dariya, tari ya katse ta. "Saura mu goma sha tara. Sun sauko daga dutse, ina ganin fuskokinsu. Akwai wani mai gashin baki kamar na Kawu Eusebio, har na ji kunyar harbinsa."

"Fermín, jiragensu sun zo muku?"

"Wane jirage? Ko ungulu ba ta zo ba. Sojan ƙasa ne kawai, gadar suke so, don motocinsu su wuce. Me ya sa?"

Babu tarko. Mutanen da ke dutsen gabas ba su ma san ina da ƙane ba.

"Ba komai. Ku shimfiɗa farin ƙyalle inda kuke, don kada in harbe ku."

"Rigar kuku ce kawai fara a nan, ita ma sai an yi mata uzuri. Yaya, ka yi sauri."

Biyu saura ashirin Don Hilario ya matse hularsa, ya rufe tanki, ya bugi fiffike da tafin hannu. Na tashi daga kan kwalta, ganyen rake na kwantawa a bayana. Na tura injin har allura ta shiga ja, na bar ta a nan.

Tun daga tudu na farko na ga gajimaren. Ya riga ni. Yana gangarowa daga duwatsu, fari, mai kauri, yana cika kwaruruwa ɗaya bayan ɗaya kamar ana zuba madara a kwano. Da na kai kan Río Chiquito babu kwari, babu gada, babu hayaƙi. Kawunan duwatsu biyu ne kawai suka leƙo, sauran duk fari.

Na nemi ɓula. Na zagaya dutsen gabas, na zagaya na yamma. Na tsoma hancin jirgi a cikin farin, nan take gilashi ya rufe, ban san sama da ƙasa ba, sai ga itatuwa sun taso mini a dama, kusa har na ga rassansu. Na ja sandar tuƙi na fito. Na sake gwadawa ta kudu, haka. Da harbi a makance zan yi, ban san ko rigar kuku zan samu ko mai gashin baki ba.

Don haka na yi ta zagaye a sama. Rana tana haskawa a nan, sararin shuɗi fes, babu ko tsuntsu. A ƙarƙashina, tafiyar daƙiƙa ashirin, ana kashe ƙanena, kuma ban ji ko ƙarar harbi ɗaya ba saboda inji. Ina kallon allurar mai tana sauka. Minti goma sha biyar, in ji tsohon. Na yi goma sha tara.

Injin ya mutu ina kan kwalta, kafin in taka birki. Harsasan da Teófilo ya jera suna nan cif, ko ɗaya bai fita ba.

Kanar yana jira a bakin hanya, hularsa a hannu.

"Rediyonsu ta yi shiru biyu da rabi," ya ce.

"To, Yallaɓai."

Na taka da ƙafa zuwa filin. Ɗakin matuƙa ya rasa bango ɗaya, amma teburin na nan. Kofina na inda na bar shi, ƙurar siminti ta yi masa fata a sama. Na kwashe ta da cokali, na shanye sauran.

Bayan kwana biyu aka tsagaita wuta. Jiragen Gaspar ba su sake tashi ba, domin sun koma gida sun tarar babu titi babu mai, uku sun karye wajen sauka. Namu ma ba su sake tashi ba. Manya a babban birni suka ƙirga, suka ga mun yi asarar taya ɗaya, su jirage uku, suka ce nasara ce. Gadar kuma aka mayar mana da ita a teburin sulhu, ba tare da an harba komai ba.

Mutum bakwai suka fita daga gadar da rai. Ɗaya daga cikinsu, wani kofur mai hannu a naɗe, ya zo har gidan mahaifiyata ranar addu'ar kwana tara. Ya same ni a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro, ya miƙo mini agogon Baba. Agogon na tafiya daidai.

"Mun ji ka, Yallaɓai," ya ce. "Injin. A kanmu sosai, yana zuwa yana dawowa. Su ma sun ji, suka kwanta, sun kai minti goma ba su ɗaga kai ba. A nan Laftanar ya ce mu bakwai masu rauni mu bi ta kogi mu fita."

"Shi fa?"

"Ya ce wani ya tsaya ya riƙa harbi, don kada su gane."

"Ya ce wani abu?"

Kofur ya dubi ƙasa, kamar yana auna ko ya dace.

"Da ya ji ƙarar, ya ɗaga kai ya ƙirga da kunne. Ya ce, 'Guda ɗaya ne. Farfesa ya faɗi jarrabawa.' Yana dariya, Yallaɓai. Ba da haushi ya faɗa ba."

Na gode masa. Na ce a ba shi abinci. Mahaifiyata ba ta tambaye ni komai ba, ranar nan ko bayanta. Don Hilario ya riga ya gaya mata, ko bai gaya mata ba, ban bincika ba.

A watan Oktoba aka liƙa mini lamba a ƙirji, aka mayar da ni makaranta. An ƙara darasi sabo a manhaja, harin Santa Olaya, kuma ni aka ce in koyar, tunda ni na yi. Na zana taswira a allo: filinmu, filinsu, kwarin kudu, kibiya ɗaya mai kauri. Gadar ma na sa ta, ƙaramin gicciye a hagu, da lokutan da aka kira.

Wani ɗalibi a layin gaba ya ɗaga hannu.

"Yallaɓai, da an tura biyu gada, huɗu Santa Olaya?"

"Da huɗun sun tarar da filin babu kowa, kamar yadda shidan suka tarar."

"To ai da an ceci gadar ke nan, Yallaɓai."

"Shugaban tawaga bai san filin babu kowa ba. Da abin da ya sani ƙarfe shida da rabi za ka auna shi. In ka raba su a jarrabawa, zan kayar da kai."

Ya rubuta. Duk suka rubuta. Na dubi agogon Baba, saura minti ashirin a tashi. Na juya ga allo, na rubuta ta biyu, na ja mata layi biyu.